Waƙar da Na Fige

Ni ce na ce ya mutu. Gara in faɗa da bakina tun farko, kada wani ya riga ni.

A shekarun da nake magana, ina da tebur a Jadid, nan Sabha, a bakin wurin da ƴan aikin rana ke zama suna jiran mota ta tsaya a ce ana son mutum uku ko biyar, masu ɗaukar bulo ko kwaɓa siminti. Da shayi da burodi na fara. Daga baya na ƙara cajin salula, don a Tayuri, inda yawancinmu ke kwana, wuta sai ta ga dama take zuwa. Daga caji sai turin waƙa. Wani mutumin Maraɗi mai tsohuwar kwamfuta zai wuce arewa, ya sayar mini da ita, ya yi kwana uku yana nuna mini inda zan danna. Lokacin ko harafi ɗaya ban sani ba. Sai da na haura arba'in sannan na durƙusa gaban wata malama a unguwarmu na fara baƙi da wasali. Kwamfutar da ido da kunne na riƙe ta: akwati na uku daga sama na wa'azi ne, na ƙasansa na masu gurmi, na gefe na ƴan Kano masu fiyano.

Mu ba ma sayar da waƙa ɗaya-ɗaya. Ciko muke yi. Mutum ya miƙo memorin wayarsa ya ce, "Inna, cika mini," kamar mai awon gero a tiya. Kuɗin ciko ɗaya ne, ko waƙa kaɗan ta shiga ko da yawa, saboda haka wanda ya fi iya cusawa shi ke da kasuwa. Daga nan figa ta samo asali. Kun san yadda ake fige fara kafin a soya, a cire fiffike da ƙafafu a bar tsoka. Haka muke yi wa waƙa. Mawaƙin gargajiya ba ya faɗawa waƙa kai tsaye. Sai ya gwada tsirkiya, ya yi sallama, ya faɗi sunansa da na ubansa da garinsu, ya gai da wanda ya koya masa. A ƙarshe kuma ya ja baituka har ya gaji don kansa. Duk wannan a wurinmu fiffike ne. Yana cin wuri, mai saye kuma ba ya so. Wanda ya wuni da bulo a ka so yake ya danna ya ji amshi. Na fi duk mazan layinmu iya figa, kuma a lokacin ina taƙama da haka, ba zan ɓoye ba.

Wani direba da ke zuwa daga Damagaram ya taɓa kawo mini memori da waƙoƙin gurmi a ciki. Na kwashe, na fige, na goge na asalin, don kwamfutar ta tsufa, cikinta ya cika. Ɗaya daga cikinsu ta kama gari. Mace ce ke magana a waƙar, ta bakin namiji:

Guga ya nutse, igiya na hannuna,
Ko ya daɗe a ƙasa, ban saki ba.

Shi ke nan amshin. Amma ku zo ku ga ƙartin maza, waɗanda suka bar mata a gida shekara biyu, uku, in ta tashi a ƴar sifikata. Wani ya duƙa yana gyaran takalmin da bai lalace ba. Wani ya juya wa mutane baya yana kallon bango. Duk wanda ya zo ciko sai ya ce, "Inna, da ta guga a ciki?"

Sai suka fara tambaya wa ya yi ta. Ni kuwa akwai abu ɗaya da ban iya ba a duniya, shi ne in ce ban sani ba. Sunan yana cikin abin da na yanke, ban ko saurare shi ba. Sai na ce wani tsoho ne makaho daga ƙauyukan Tanut, kuma ya rasu. Na lura in na ce ya rasu sun fi saye. Kafin wata shida labarin ya zagayo ya dawo mini da ƙari: wai rijiya ya faɗa.

Wata safiya ta zafi wani mutum ya zo cajin salula. Zai yi shekara talatin da biyar, siminti ya yi masa fari a gira, tafin hannunsa duk ya tsage. Ya karɓi shayi ya zauna a ƙarshen benci. Waƙar guga na tashi. Ya kai kofi baki, ya fasa, ya ajiye shi a ƙasa.

"Baiwar Allah, wa ke wannan waƙar?"

"Wani tsoho makaho. Ya rasu, Allah ya jiƙansa."

"Amin," ya ce. "Ciwo ya yi?"

Wani daga kan benci ya amsa masa, "Rijiya ya faɗa."

"Ashe." Ya dubi hannunsa. "To, ni dai ban ji faɗuwar ba. Ni na yi ta."

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Kai ne makahon, ko kai ne rijiyar?" Wani ya ce ai shi ma shi ya gina hanyar Agadas. Ni ma ban bar shi ba. Na ce, "Malam, in kuɗin shayi ne babu, sha, na yafe. Ba sai ka tashi matacce ba."

Bai yi fushi ba. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ina farkonta?"

"Farkon me?"

"Akwai magana kafin kiɗa. Ina take?"

A duk Sabha babu wanda ya san akwai magana kafin kiɗan nan sai ni. Ana haka mota ta tsaya, aka ce mutum huɗu, ya tashi da gudu cikin masu gudu, ya bar shayin da wayarsa.

Ranar nan ban zauna ba. Na zuba wa mutum ɗaya sukari sau biyu. Na share gaban tebur, na sake sharewa. Na kashe sifika, aka yi mini ca, na kunna wa'azi. Duk motar da ta rage gudu sai in miƙe.

Bayan la'asar ya dawo karɓar wayarsa. Na ce ya zauna. Na sa masa burodi da madara, ban tambaye shi ko yana so ba, na ce ya faɗa mini tun daga tushe.

Daga wani ƙauye yake kusa da Tasawa. Yana da shanun huɗa biyu. Ya sayar da su ya shiga sitidiyo a Maraɗi, da niyyar a buga faifai ya bi kasuwanni yana sayarwa, ya mai da shanu kafin damina. Faifan bai fito ba tukuna ya ji waƙarsa a wayar wani mai sayar da rake. Wani a cikin sitidiyon ya kwafa ya fitar. Ya je ya yi magana, mai wurin ya ce masa ai talla aka yi masa kyauta, ya gode wa Allah. Da faifan ya fito ya ɗauka ya bi kasuwa-kasuwa. Mutum ya karɓa, ya juya, ya kalli hoton, ya mayar masa ya ce, "Muna da ita." Damina ta sauka babu shanu. Ya sayar da gurminsa a Agadas ya cika kuɗin mota. Wayar da waƙoƙin ke ciki kuma an karɓe ta a wani shingen hanya. Ko kwafi ɗaya na waƙarsa ba shi da shi.

"Faifan ban damu da shi ba yanzu, Yaya," ya ce. Daga ranar ya koma ce mini Yaya. "Mawaƙi ba da faifai yake ci ba, da suna yake ci. Da sunana na ciki, da wani ya ji a Tawa ko a Konni ya ce a nemo mini wannan, ɗiyata za ta yi aure. Wa zai aika neman matacce?"

Sai ya faɗa mini sauran. Ya biya kujera a motar arewa. Alhamis ta sama za ta tashi, daga can kuma teku. Waƙa ya bar ta. Ya ce a can ba a san shi ba, a nan ma ba a san shi ba, gara inda aka ce aikin ya fi tsoka.

Na san motocin nan. Na ga da yawa sun hau, sun ce in sun isa za su kira. Waɗanda suka kira ba su cika hannu ba.

Na ce, "Ni na fige ta. Ni na yanke sunanka, ni kuma na ƙago makahon."

Ya dube ni. Ya ce, "To, Allah ya ba mu haƙuri."

Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Na ce, "Zage ni mana. Kai wane irin mutum ne?"

"In na zage ki shanuna za su dawo?"

Ya ɗauki wayarsa ya tafi.

Kwana goma sha biyu ke tsakaninmu da Alhamis ɗin nan. Na sa a raina cewa dole akwai cikakkiyar waƙar a wayar wani. In na same ta, zan kunna a gaban benci, su ji sunansa da muryarsa, kowa ya haɗiye dariyarsa. Ban san ko hakan zai hana shi hawa mota ba, amma ban iya zama ba. Kullum da azahar sai in rufe tebur da buhu in kama hanya. Na bi Jadid lungu-lungu. Na shiga unguwar Abdulkafi, gidajen da matanmu ke wanke-wanke, ina ƙwanƙwasa ƙofar baya ina cewa a kunna mini ta guga. A Tayuri har mata suka fara cewa Inna ta sami taɓi. Ƙafata ta kumbura, takalmina ɗaya ya tsinke a hanya na ɗaure shi da leda.

Kowace na ji, daga sautin farko nake gane ta. Wuƙata ta bar wani ɗan guntun ƙarar tsirkiya a farkon, rabin bugu, kamar an katse wa mutum magana. Kowace waya da shi take farawa. Duk tawa ce. Na sami direban da ya kawo memorin, ya ce ya daɗe da goge shi ya zuba karatu. Wani da ya zo daga Dirku cikin satin ya kunna mini tasa, wadda ya samo tun a can kudu. Ita ma tawa ce. Figata ta haye hamada ta koma gida ta kori ta asali.

Saura mutum ɗaya, kuma shi ne wanda ba na son zuwa wurinsa. Wani Bakano mai shagon gilashi a ƙarshen layinmu, shi ma ciko yake yi. Watannin baya ya turo wani ya yi ciko a wurina, ya kwashe duk kayana ya zuba a kwamfutarsa. Na je har ƙofar shagonsa na kira shi ɓarawo a gaban jama'a. Na ce ya sace mini waƙoƙina. Waƙoƙina, ku ji fa.

Da ya hango ni ya ce, "Hajiya, yau kuma me na sata?"

Ban je Makka ba, ya sani, tsokana ce. Na ce, "Ta guga nake nema, cikakkiya."

"Ai taki ce a wurina. Ke kika ce na sace, kin manta?"

Na zauna a kujerarsa ba tare da ya ce in zauna ba, na faɗa masa labarin. Ya saurara yana goge gilashin wata waya da gefen rigarsa.

"Allah sarki," ya ce. "Amma Hajiya, mu yi maganar gaskiya. Nuna mini shagon da mutum zai je ya sayi orijina a garin nan. Ɗaya tak. Babu. Ko yana so ya biya mawaƙin, ta ina? Kwastomana ya wuni a rana ya samu abin da zai ci ya aika gida, ki ce ya sayi waƙa ɗaya da kuɗin abincin rana? Kuma ko ni da ke mun rufe yau, waya da waya za su tura wa juna ta bulutut. Waƙa iska ce."

"Iskar nan shanu biyu ta ci."

"Ba ni na ci ba."

"Ni da kai muka sha romon."

Ya yi dariya, amma ya daina gogar gilashin.

Abin da ya dame ni, Bakanon nan bai yi ƙarya ba. Na juya maganarsa a hanya har gida. Talauci gaskiya ne. Rashin wurin saye gaskiya ne. Ɓarawon farko ma a cikin ɗakin da aka biya kuɗi aka yi aikin yake. Amma akwai abin da bai faɗa ba. Mutanen bencina ba ɓarayi ba ne. Wanda zai tsinci dinari a ƙasa ya bi layi yana tambayar mai shi, shi ne zai karɓi waƙa ɗari bai ji komai ba. Dalili, bai ga fuskar kowa ba. In gona ce ya san da mai ita. Waƙa kuwa ta zo masa ba kai ba ƙafa, kuma mu muka cire su. Ba wuri kaɗai muke ragewa da figa ba, kunya muke cire wa mai saye, mu cire wa kanmu.

Saura kwana biyar na haƙura da nema. Maƙwabciyata a Tayuri ta haihu, suna ranar Litinin. Na ce mata zan kawo mawaƙi. Ta ce wane mawaƙi a Sabha, na ce ta dai tanadi ƙwarya da tasa. Shi kuma na tare shi a benci.

"Ba ni da gurmi, Yaya."

"Akwai ƙwarya."

"Na ce miki na bari."

"Ka bari ranar Alhamis. Litinin tawa ce. Na kashe ka a gaban mutane, a gaban mutane zan tashe ka, daga nan ka je ka faɗa tekunka in ka ga dama."

Wani a benci ya ce, "Malam, ka bi ta a hankali. Wannan ko mai mota tsoron ta yake." Mawaƙin ya yi ɗan murmushi, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Bakano kuma na ce masa ya zo da wayarsa mai kyau ya ɗauki murya. Ya ce nawa zan ba shi. Na ce zan daina kiran sa ɓarawo.

Ran Litinin bayan la'asar maza suka zauna a tabarmi a bakin ƙofa, mata na ciki bayan labule. An kifa ƙwarya a tasar ruwa. A Tayuri ba a son hayaniyar da za ta jawo ido, don haka aka ce a buga a hankali. Mawaƙin ya zo a makare, da rigar aikinsa. Ina ta leƙe har na ɗauka ba zai zo ba. Ya zauna a dokin ƙofa, ya ɗora tsagaggun hannuwansa a gwiwa, ya yi sallama. Ya faɗi sunansa, da na ubansa, da ƙauyensu. Ya fara gai da wanda ya koya masa gurmi.

Sai wani daga baya ya ce, "A fige mana, mu ji waƙa."

Aka yi dariya. Ni na koya musu kalmar. Na ɗaga labule na fito na ce, "Wanda ya sake buɗe baki sai ya amayar da naman da ya ci." Aka yi tsit.

Ya gama gaisuwarsa bai rage ko kalma ba, sannan ya shiga waƙa. Kowa ya san ta. Maza suka karɓi amshi, mata suka karɓa daga ciki. Na ji wani yana raɗa wa na kusa da shi, "Ya iya kwaikwayon makahon." Na cije leɓe.

Sai ya zo inda wuƙata ta tsaya, inda kowace waya a garin nan ke yin shiru. Mai ƙwarya ma ta ɗaga hannu, ta zaci an gama. Shi kuwa ya wuce:

Igiya ta ci tafina, maƙwabta sun ce saki,
Na ce ku ba ni tsumma in naɗe.
Mai ja ba ya tambayar zurfi,
Ruwa yake tambaya.

Babu wanda ya amsa, don babu wanda ya taɓa jin wannan. Ya yi baiti uku shi kaɗai, ba ƙwarya ba amshi. Ni kaina a ranar na fara jin su, ni da na yanke su.

Wani dattijo mai gadin gona a bayan gari ya matso. Ya ce, "Ɗan nan, wanda ka ce ya koya maka, ba wani gurgu ba ne da ke zama gindin tsamiya ranar kasuwa?" Ya ce shi ne. Dattijon ya tambayi ubansa, ya tambayi wata rijiya da ke gabas da ƙauyen ko har yanzu tana ruwa. Suka yi ta yi. Mutane suna kallon wannan, suna kallon wancan.

Na ce, "Ku saurara. Babu wani makaho. Ni na ƙaga, don ban san amsa ba kuma ina jin nauyin in ce ban sani ba. Ga mai waƙa nan, da shi kuke rububin mota kullum."

Wanda ya ce a fige ya sunkuyar da kai. Wani ya ce, "Inna, ashe har addu'a muka yi ta yi wa mai rai." Wani ya ce ba ta ɓaci ba, a ajiye masa.

Bakano ya ce a sake daga farko zai ɗauka da kyau. Na ce a dakata. Na ja mawaƙin gefe.

"Kada ka sa sunanka a farko kaɗai. Ni na san inda wuƙa ke shiga. Farko da ƙarshe nama ne a bakin kura. Sa shi a tsakiya, cikin amshi, inda in an yanke waƙar ta mutu."

"Ba a haka, Yaya. Mace ce ke magana. In tsaya a tsakiyar maganarta in yabi kaina? Wanda ya koya mini da ya ji sai ya karya gurmin a kaina."

"Shi a zamaninsa akwai irina?"

Muka yi ta ja. Maigidan sunan ya leƙo ya ce rana na faɗuwa. Sai mawaƙin ya shiga motsa baki shi kaɗai. Ya ce to, ba shi zai faɗa ba, ita za ta faɗa. Matar da ke riƙe da igiya za ta kira gugan da sunansa da ƙauyensu, yadda mace ke ambaton mijin da ya yi nisa in ba kowa kusa. Haka aka ɗauka. Kowane amshi da sunansa a ciki, kuma ya zauna daram kamar da shi aka haife ta.

Ba a tashi daga tabarmar ba wani ya matso yana murza hula. Ya ce ko za a iya yi masa ita, a sa nasa sunan a wurin, ya aika wa matarsa. Mawaƙin ya dube ni. Na ce, "Ana iyawa, amma ba ciko ba ne. A hannunsa za ka sa." Ya sa. Na biyu ya taso, na uku ya taso.

Talata da Laraba bai je aikin siminti ba. Ya zauna a gefen teburina, mutum ya zo ya faɗi sunansa da garinsu, ya kunna wayarsa, a rera masa tasa. Wani ya ce a sa sunan ɗiyarsa da aka haifa bayan tahowarsa. Bakano ya zo ya tsaya yana kallo, hannu a aljihu. Ya ce, "Wannan kam ba ta kwafuwa. Wa zai aika wa matarsa waƙa da sunan wani ƙato?"

Ni da shi da wasu biyu a layin muka yi magana: sabuwar ta guga ba ta shiga ciko, daban ake sayenta, abin da aka bayar kuma na mai ita ne. Figa kuma an bari, ta kowa. Biyun nan da baki kawai suka yarda, ban ruɗi kaina ba, kuma ban ce waya da waya sun daina tura wa juna ba. Malamata ta rubuta mini sunan mawaƙin da lambar wayarsa a takarda, na zauna gaban kwamfuta ina neman haruffan ɗaya bayan ɗaya da yatsa guda, na liƙa su a kan waƙar. Shi ne rubutu na farko da na yi wanda ba a allo ba. Sauran waƙoƙin da na fige a baya suna nan cike da kwamfutar, ba kai, ban san masu su ba, ban kuma san ta inda zan mayar musu ba.

Duk kwana biyun nan mawaƙin bai ce komai a kan motar ba. Ni ma ban tambaya ba, tsoro nake. Ran Laraba da zai tafi na ce, "Gobe fa?" Ya ce, "Allah ya kai mu."

Ran Alhamis tun da sassafe na hura wuta. Motocin arewa daga wani gida suke tashi a bayan gari, ba a ganin su daga Jadid, amma na kasa daina kallon hanyar. Na jera kofuna, na sake jera su. Wani ya ce, "Inna, shayin nan yau ba ganye?" Na duba, ruwan zafi na zuba masa.

Hantsi ya ɗaga sai ga shi da jakarsa a kafaɗa. Na ce a raina sallama ya zo yi. Ya zagayo bayan tebur ya tura jakar ƙarƙashi da ƙafa.

"Ajiye mini wannan. Na bar ɗakin da nake, sai na sami wani."

"Motar fa?"

"Ta tashi."

"Kuɗin kujerar? Ba sa mayarwa, ka sani."

"Na bar musu. Ba su ne na farko da suka ci nawa ba."

"Da ni kake?"

"Ni ban kama suna ba, Yaya."

Ya zauna. Na zuba masa shayi. Ya ce zai koma siminti da safe, waƙa da yamma, har ya haɗa na motar kudu. Ya ce amma ƙwarya ba ta yi masa, kamar tafiya da takalmin aro ne. Gurmi zai haɗa: ya sami ƙoƙo mai kauri wurin wata mata, ya sami sanda, tsirkiya kuma zai cire daga wayar birkin keke. Fata ce ta rage.

Na ce ya je wurin mahaucin da ke bayan masallaci, ya ce a ba shi ta ɗan akuya, mara huji.

"In ya ce wa ya aiko ni fa?"

"Ba sai ka ce kowa ba. Faɗa masa sunanka. Jiya na wuce yana fiɗa yana rera shi."

Ya shanye shayin ya miƙe. Na bi shi da ido har ya sha kwana, sannan na ja kujera na zauna. Mutum uku na tsaye da memori a hannu suna jirana.